Zare: Ciwon da ba a kiran sunansa a gidanmu

1/ Yau shekara ɗaya cif da rasuwar Gwaggona, ƙanwar Babanmu. Kansar mama ce ta yi ajalinta, tana da shekara 43. Na daɗe ina rubuta zaren nan ina gogewa, yau dai na ce sai na sake shi. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Mata ku karanta, maza ma kar ku wuce, ya shafe ku. 🧵

2/ Tun farko in faɗa: ni ba likita ba ce. Ɗaliba ce, aji uku, ina karanta bayokemistiri. Abin da zan faɗa, wani a aji na ji shi, wani karantowa na yi, wani kuma a tsakar gidanmu na gan shi da idona. Na nemi iznin Baba, ya ce in rubuta amma ban da suna. To, ban da suna.

3/ Gwaggo ta fara jin ƙullutu a mamanta na hagu lokacin tana shayar da autarta. Ta ɗauka nono ne ya daskare. Aka yaye yarinya, ƙullutu yana nan. Ba ya ciwo, bai hana ta girki ba, bai hana ta zuwa Islamiyya ba. Ta fi shekara ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

4/ Da ta tashi faɗa, maƙwabciya ta faɗa wa. Maƙwabciya ta ce daji ne, kuma "daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe". Na san kun taɓa jin maganar nan. Aka shiga jiƙe-jiƙe, shafe-shafe, hayaƙi. Aka sayar da awakinta biyu. Wata takwas aka yi ana wannan, sai da wurin ya fashe sannan aka nufi asibiti.

5/ Ni na raka su ranar. Bayan gwaje-gwaje aka ce mataki na 4 ne, ya riga ya kai huhu da ƙashi. Likitan ya yi wata tambaya: "Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwon a danginku?" Gwaggo ta ce babu. Baba ya ce babu. Ni ina tsaye riƙe da kati. Ku riƙe tambayar nan, za mu dawo kanta.

6/ Wata bakwai bayan nan Allah Ya karɓi abarSa. Ranar sadakar uku ina raba ruwa a ɗakin mata, sai na ji wata tsohuwa daga ƙauyenmu tana cewa ƙasa-ƙasa: "Allah sarki, haka yayarsu ta tafi, ita ma ta nono ne. Uwarsu kuwa ciki ne ya kumbura mata." Wallahi kofin da ke hannuna saura kaɗan ya faɗi.

7/ Babbar Gwaggo ta rasu ina 'yar shekara biyu, abin da aka ce mana "jinya ta yi". Kaka kuwa tun kafin a haife ni, aka ce "ciwon ciki". Ashe mata uku ne daga ɗaki ɗaya, uwa da 'ya'yanta biyu, kuma ba wadda ta kai shekara 55. Kowa a gidan ya sani, ban da mu yaran.

8/ Na koma makaranta da abin a raina. Kamar haɗin baki, a zangon nan aka fara mana darasi a kan ƙwayoyin gado da kansa. Malamin ya rubuta BRCA1 da BRCA2 a allo, ya ce alamar iyalin da ke ɗauke da matsalarsu ita ce kansar mama a ƙananan shekaru, da kansar ƙwan mace, a mutane da dama. Na kasa rubutu.

9/ Bari in yi bayani yadda na fahimta. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinki akwai DNA, wani dogon rubutu mai haruffa wajen biliyan 3, wanda ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu ya yi aiki. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan. Wurin kwafa ana kuskure, wani lokaci ma zaren ya tsinke.

10/ Kansa ba baƙo ba ce da ta shigo daga waje. Ƙwayar jikin mutum ce da kurakurai suka taru a rubutunta har ta daina jin birki, ta yi ta hayayyafa. To Allah cikin ikonSa Ya sa mana masu gyara. BRCA1 da BRCA2 suna cikinsu. Ki ɗauke su kamar teloli masu ɗinke ɓarakar DNA kafin ta yi girma.

11/ Kowa yana da su, mace da namiji. Kowanne kwafi biyu gare ki, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan kika gaji ɗaya a lalace, saura tela ɗaya ke aiki. Ranar da shi ma ya samu matsala a wata ƙwaya, ɓaraka ta samu wuri. Wanda ke ɗauke da lalataccen, kowane ɗa ko 'ya da ya haifa, damar ya gada rabi da rabi ce.

12/ Nan ne ya shafi maza. Ana gadonsa ta wajen UBA kamar yadda ake gadonsa ta wajen uwa. Namiji zai iya ɗauke da shi lafiya lau ya miƙa wa 'yarsa. Shi kansa yana ƙara masa haɗarin kansar mafitsara, kuma e, maza ma suna yin kansar mama. Don haka Gwaggo ba "dangin nesa" ba ce a wannan lissafin.

13/ Lissafin kuwa ba wasa ba ne. A Amurka, cikin mata 100 kusan 13 ne ke samun kansar mama a tsawon rayuwarsu. Amma cikin masu lalataccen BRCA1 ko BRCA2, sama da 60 ne cikin 100. Ku lura: ba duka ba. Akwai masu ɗauke da shi har su tsufa ba su yi ba. Kuma yawancin kansar mama ma ba gado ba ce.

14/ Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka gano shi. Wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta yi shekaru fiye da 15 tana bin tarihin iyalai: wa ta yi ciwon, tana shekara nawa, wa ya haife ta. A 1990, da bayanan iyalai 23, ta nuna inda BRCA1 yake. Da a ce iyalan nan sun ce mata "babu", da ba a je ko'ina ba.

15/ Daga nan abubuwa suka yi gudu. Aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam na farko ya ɗauki shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Yau ana karanta na mutum ɗaya da ƙasa da dala 1,000. A 2006 Amurka ta fara wani babban shiri na karanta DNA ɗin kansa ita kanta, har aka bi nau'i 33.

16/ Abin da aka koya: "kansar mama" ba cuta ɗaya ba ce. Wata sinadarin jikin mace ke ciyar da ita, ana toshe shi da ƙwayar magani. Wata, kusan 1 cikin 5, tana da wani furotin mai suna HER2 da yawa, kuma tun 1998 akwai maganinta, Herceptin. Wata ba ta da ko ɗaya, ita ce ta fi wuyar sha'ani.

17/ Shi ya sa ake yankar ɗan ƙanƙanin nama daga ƙullutun a kai ɗakin gwaji. Wannan "ƙarfen" da aka tsorata Gwaggo da shi, shi ne kaɗai hanyar da za a tabbatar ko kansa ce, kuma wace iri ce, kuma wane magani ne nata. Gudun allurar ne ya ba ciwon lokaci, ba allurar ba.

18/ Har masu BRCA an samo musu nasu. Akwai magani mai suna olaparib, an fara amincewa da shi a 2014. Dabararsa ta burge ni: ƙwayar kansar ta riga ta rasa telanta na BRCA, tana dogara da wani ƙaramin mai gyara da ake kira PARP. Maganin sai ya toshe shi. Lafiyayyun ƙwayoyi su jure, ita kuwa ta wargaje.

19/ To, duk wannan a kan jinin wa aka gano? Nan ne gizo ke saƙa. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, kusan kashi 80 na mutanen da aka yi nazari a kansu 'yan asalin Turai ne. 'Yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambance-bambancen ƙwayoyin gado.

20/ Illar hakan: za a iya gwada ki a ga wani sauyi a DNA ɗinki, amma a kasa ce miki mai haɗari ne ko ba komai, saboda ba a taɓa ganin irinsa da yawa a kundin bayanai ba. Kin kashe kuɗi, kin koma gida da fargaba, babu amsa. Wannan ya fi faruwa ga waɗanda ba Turawa ba.

21/ Amma akwai wadda ta tsaya mana. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya, ta yi karatun likita a Ibadan, tana aiki a Jami'ar Chicago. A 2018 ita da abokan aikinta, har da Mary-Claire King ɗin nan, suka fitar da bincike a kan mata 1,136 masu kansar mama a Ibadan.

22/ Sakamakon: kashi 14.7 suna ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado mai jawo kansar mama. Kashi 7 BRCA1 ne, kashi 4.1 BRCA2. Wato kusan mace 1 cikin 7. Kuma cikin waɗanda aka san matakin ciwonsu, sama da kashi 80 sai a mataki na 3 ko na 4 aka gano. Da na karanta wurin nan, fuskar Gwaggo kawai nake gani.

23/ Na ɗauko takarda na zana bishiyar danginmu kamar yadda aka koya mana: da'ira mace, murabba'i namiji, a cike ta wadda ta yi ciwon. Da'ira uku baƙaƙe. A ƙasansu Baba. A ƙasansa ni, da Yayata, da ƙannena mata biyu. Da hutu ya zo na kai masa bayan sallar isha.

24/ Ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya ninke ta ya ce: "Ke yanzu so kike a ce gidanmu gidan ciwo ne? An sa ranar yayarki. Ga ƙannenki. Kar in sake jin maganar nan." Ban taɓa yi wa Baba musu ba, ranar ma ban yi ba. Na ce to Baba, Allah Ya huci zuciyarka. Na shiga ɗaki na yi kukana.

25/ Kuma kar wanda ya zagar mini uba a ƙasan zaren nan. Tsoronsa gaskiya ne. Mun san garinmu. Mun ga yadda ake fasa aure a kan jita-jita. Mutumin da ya binne uwarsa da 'yan uwansa mata biyu, ba jahilci ne ya sa shi shiru ba. Yana ƙoƙarin kare mu ne ta hanyar da ya sani.

26/ Mama ce ta gyara. Ban san me ta ce masa a ɗaki ba, amma abin da ta ce mini shi ne: shekarun baya wa ya yarda da gwajin jinin sikila kafin aure? Cewa ake rashin tawakkali ne. Yau iyaye da kansu suke tambaya AA ne ko AS, don sun ga wahalar yara. Ta ce ki ba shi lokaci.

27/ Bayan kamar sati biyu, da asuba, Baba ya kira ni. Ya miƙo mini takardar nan. Ya ƙara da'ira ɗaya da bironsa, 'yar ƙanwar Kaka, ya rubuta shekarunta a gefe. Ya ce: "Ki raka yayarki asibiti. In likita ya tambaya, ku faɗa masa gaskiya." Bai ƙara ko kalma ba, ya ɗauki carbinsa.

28/ Muka je. Likitar, mace ce, ta karɓi takardar ta ce da kowa zai zo da irin wannan da aikinsu ya yi sauƙi. Ta duba Yaya da hannu, ta tura ta sikanin. Na tambaya me ya sa ba mamogiram ba? Ta ce naman maman mace mai ƙananan shekaru cunkushe yake, a hoton yakan fito fari, ƙullutu ma fari, sai ya ɓuya.

29/ Alhamdulillah ba a ga komai ba. Amma ta sa mana lokacin dawowa, ta ce mu ba irin waɗanda za su jira shekara 40 ba ne. A Amurka, wadda aka tabbatar tana da BRCA tun tana 25 ake fara yi mata hoton MRI duk shekara. Gwajin ƙwayoyin gadon bai samu gare mu ba tukuna, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Muna tari.

30/ Yaya kuma da bakinta ta gaya wa wanda za ta aura. Ni na fi ta tsoro. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ya dawo ya ce shi ma mahaifinsa ciwon suga gare shi, wa ya san abin da yake ɗauke da shi? An ɗaura aure. Na san ba kowa ke dacewa haka ba.

31/ Fannin hoto ma yana gudu. A Suwidin an yi gwaji da mata sama da 80,000, aka fitar da sakamakon farko a 2023: da aka haɗa likitoci da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta mamogiram, an gano kansa da ƙarin kashi 20, aikin karanta hotuna kuma ya ragu da kashi 44. Ku yi tunanin amfanin wannan a inda likitocin hoto suka yi ƙaranci.

32/ Akwai kuma na'urar sikanin ta hannu da ake jonawa da waya, irin su Butterfly iQ, tana shiga aljihu. Akwai masu ƙoƙarin gano ɓurɓushin DNA ɗin kansa a cikin jini. A Ingila an sa mutum 140,000 a gwajin irin wannan tun 2021. Bincike ne mai kyau, amma bai maye gurbin zuwa a duba ki ba.

33/ Sai dai na'ura ma tana da wanda ta saba da shi. Kun san ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa a auna iskar jini? Da haske yake aiki, ta cikin fata. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna yana kasa gano ƙarancin iska a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata.

34/ Na tuna shi a yatsan Gwaggo a kwanakinta na ƙarshe, muna kallon lambar muna jin sanyi. Ban ce shi ya cutar da ita ba, ajali ne ya zo. Ina nufin dai kafin mu yi murna da sabuwar na'ura, mu tambaya: a jikin su wa aka gwada ta? Mu masu karanta kimiyya, wannan aikinmu ne, ba wanda zai zo ya yi mana.

35/ Kuma don Allah, masu yawo da kwamfuta a kasuwa da unguwanni, a ba ki wani ƙarfe ki riƙe minti ɗaya a ce an duba miki jiki gaba ɗaya, sannan a sayar miki da magani: ba ya gano kansa. Agogon hannu mai auna bugun zuciya ma ba ya gano kansar mama. Kar a cinye miki kuɗin motar asibiti.

36/ Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da kansar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki, sama da kashi 90 suna kai shekara 5 a raye bayan gano ciwon. Babban bambancin: su da wuri ake ganowa, kuma magani yana samuwa.

37/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni uku a 2021: a gano aƙalla kashi 60 tun a mataki na 1 ko na 2, a gama bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa, kashi 80 kuma su kammala magani. Na biyu da na uku hakkin gwamnati ne, mu ci gaba da tambayarsu. Na farkon akwai hannunmu a ciki.

38/ Abin da nake roƙo. Ki san yadda mamanki yake a kullum. Ƙullutu a mama ko hammata, fata ta lotsa ko ta koma kamar ɓawon lemo, kan mama ya shige ciki, jini ko ruwa yana fita: ki je asibiti, ko ba ya ciwo. Yawancin ƙullutu ba kansa ba ne, amma ba maƙwabciya ce za ta tantance ba.

39/ Na biyu, wanda ba ya cin ko sisi: ku tambayi manya. Cikin ladabi, a lokacin da ya dace. Wa ya rasu da ƙuruciya, me ya same shi, yana shekara nawa? Ɓangaren uwa DA na uba. Ku rubuta ku ajiye. Tsofaffin nan da suka san labarin ba za su dawwama ba, in sun tafi sun tafi da shi.

40/ Na uku, samari. In wadda kake so ta amince da kai ta faɗa maka irin wannan, kar ka mayar da ita abin labari a majalisa. Duk wadda aka guda saboda ta faɗi gaskiya, ta koya wa mata goma su yi shiru. Shirun nan kuwa na ga inda yake kaiwa.

41/ Masu cewa ai komai ƙaddara ce: na yarda ɗari bisa ɗari. Ranar Gwaggo ba za ta wuce ba. Amma neman magani ma umarni ne a addininmu, kuma sani yana cikin sababi. Har yanzu ina tunanin ranar nan a asibiti, da a ce shekara goma kafin nan wani ya zaunar da ita ya ce mata: ke fa ki kula, ga abin da ya ɗauki yayarki.

42/ Autarta yanzu a gidanmu take, shekararta biyar. Jiya na yi mata kitso. Takardar nan tana cikin akwatina, akwai 'yar da'irarta a can ƙasa. In ta girma ni da kaina zan nuna mata, in Allah Ya kai mu.

43/ Allah Ya jiƙan Gwaggo da Babbar Gwaggo da Kaka, Ya sa jinyar da suka sha ta zama kaffara. Masu fama da ciwon nan Allah Ya ba ku lafiya, Ya hore muku abin magani. Ki tura wa ƙawarki, ka tura wa ƙanwarka. Likitocin da ke nan, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini a ƙasa. 🤲